Shekara Huɗu da Sunan Ɗan Mai Gari

Zuwa ga Babban Malamin makarantar boko, mai ɗaukar yara da sallamarsu, daga tsohon abokin karatunsa, Isiyaku mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tasha, Sabon Gari.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta yaran da aka damƙa a hannunka. Na daɗe riƙe da alƙalami ina shawara, ko in ce Allah ya gafarta Malam kamar yadda muka saba tun muna zaure ɗaya, ko in ce ranka ya daɗe kamar yadda na ji masinjanka yana cewa. Na ga babu asara in haɗa maka duka biyun. Allah ya gafarta Malam, ranka ya daɗe.

Bayan haka, ina sanar da kai, da duk wanda aka karanta wa wannan takarda a zaure ko a kasuwa, wani babban rashi da ya auku a gidana ran Larabar da ta wuce. Akuyar maƙwabciyata, Iya mai ƙosai, ta cinye wajen kamu biyu na rawanina. Na wanke shi ne na shanya a kan danga, don in naɗa in zo wurinka. Rawani ne mai shekaru, ya girmi jirgin ƙasa, ya girmi Sabon Garin kanta. An yi shari'a a tsakar gida. Iya ta ce akuya ba ta san darajar malamai ba, ni kuma na ce a wannan ba ita kaɗai ba ce. Aka yi sulhu a kan ƙosai. Abin da ya rage na rawanin bai isa a shiga gaban mai albashi da shi ba, shi ya sa ka ga takarda maimakon ni.

Wannan ita ce hujjar da nake ba mutane. Ta gaskiyar ita ce, na zo ƙofarka har sau biyu da rawanin nan cikakke, na zauna a gindin durumi har inuwa ta juya, masinja yana ce mini kana tare da Bature. A zuwa na biyu babu dokin Bature a ɗaure, kuma na ji tarinka daga ciki, na kuwa san tarinka tun muna samari. Akuya ta hutar da ni zuwa na uku. Shi ya sa na rubuta, na kuma juya takardar na ba waɗanda suka iya karatu, don in ta makale a hannun masinja ta same ka ta bakin mutane. Da ajami na rubuta, don maganar ta tsaya a tsakaninmu 'yan ƙasa, kada ta kai ga Bature. Sana'ata ce rubuta kukan mutane. Lebura ya zo ya tsuguna, ya faɗi abin da ke cinsa, in gyara masa shi ya fito da kyau, ya tafi da kunyarsa ni in zauna da tawadata. Yau ne na fara rubuta nawa, na kuma tarar ya fi wuya, don babu wanda zai tafi da kunyar.

Maganata a kan Habu ce, ɗan ƙanwata Hajo, wanda kai ka sani da suna Sambo.

Na ɗaya, yadda ya shigo hannunka.

Ka tuna shekara huɗu da suka wuce, da aka ce kowane mai gari ya kawo ɗansa makaranta. Mata suna ɓoye 'ya'ya a rumbu. Mu malamai muna zaune a zaure muna tabbatar wa jama'a cewa duk yaron da ya koyi rubutu daga hagu zuwa dama, imaninsa ma haka zai juya. Ina cikin masu faɗa, kuma na fi wasu iya tsara ta.

Mutanenmu daga wajen Samaru suke, ƙarƙashin wani mai gari da ba zan kira sunansa ko na garinsa ba, kai ka san shi. Yana da ɗa, Sambo, wanda ba ya son ko ƙuda ya sauka a kansa. Da takarda ta zo, sai ya leƙa barga ya ga Habu, yaron da ke yanko wa dokinsa ciyawa. Uban Habu baran gidan ne. Yana cikin mutanen da garin ya bayar lokacin aikin hanyar jirgi, ya dawo da tari, bai ga kaka ba. Mai gari ya sa aka yi wa yaro aski, aka sa masa sabuwar riga da hula, aka ce daga yau in an kira Sambo ka amsa. Uwarsa ba a tambaye ta ba, sanar da ita aka yi. Ni aka tambaya, don ni ne namijin da ya rage mata. Na auna, na ga a makaranta ko ba komai zai ci tuwo safe da yamma, na ce Allah ya sa alheri. Imanin da nake wa'azin zai lalace, ashe a ganina na maraya ya fi jure wahala.

Ina tsaye a bayansu ran da aka kawo shi gabanka. Allah ya gafarta Malam, uban Habu Bagobiri ne, kuma ya sa an yi wa ɗansa tsage tun yana jinjiri, daga gefen baki har kusa da kunne, dama da hagu. Gidan mai gari kuwa tun kakanni aska ba ta taɓa kumatunsu ba. Ka dubi yaron, ka dubi mai gari, ka shafa gemu, ka ce masha Allahu, ɗa ya ɗauko ubansa. Baturen da ke zaune kusa da kai ya gyaɗa kai. An ce ya iya karanta taurari, ya iya karanta taswirar duniya, amma kumatu ba a koya masa ba. Kai ka iya, ni ma na iya, dogarin da ke bakin ƙofa ma ya iya. Kuma ba Habu kaɗai ba ne. Na bi layin yaran nan da kallo ran nan, na ga 'ya'yan sarauta da kaushi a diddige irin na masu kiwo, da kanta a tafin hannu irin ta masu riƙe lauje. Na koma zaure na ba abokai labari, muka yi dariya har da hawaye, muna cewa an yi wa Nasara wayo.

Na biyu, yadda ya zauna a wurinka.

Makarantarku ta kwana ce, amma tukunya ta gida ce. Kowane gida shi ke aiko da hatsin ɗansa, masu hali har da yaron da zai yi wanki ya ɗebo ruwa. Shekarar farko mai gari ya aiko da dawa, don yana tsoron a tambaya. Ta biyu ya aiko da rabi. Daga nan ya manta yana da ɗa a birni. Hajo ta riga ta dawo gidana a Sabon Gari, tana tuƙa wa leburori tuwo, abin da ya kwana a tukunya shi take aika masa. Tuwon safe da yamma da na yi lissafi a kansa ya koma ƙanzo. Ban zo na tambaye ka ba, don kunyar kada a ce me ya haɗa malamin bakin tasha da ɗan mai gari.

Ba zan ce ya fi kowa ba. Kawu ne ni, ba maroƙi ba. Lissafinsa tsaka-tsaki ne, kuma yana da barci. Amma hannunsa yana da kyau, in ya riƙe abu ba ya saki, kuma kai da bakinka ka gaya masa yana cikin waɗanda za a gwada bayan Sallah, a ɗebi na ɗiba su zama malaman awon gona. In ya zo hutu, shi ke rubuta mini adireshi da boko a bayan wasiƙun da za su shiga jirgi, don gidan waya ba ya karɓar ajamina. Na ci kuɗin wannan rubutun na hagu zuwa dama, na sayi goro da shi, ban ji ya canja ɗanɗano ba.

Na uku, ruwa.

In kun ba da hutu, 'ya'yan manya sukan koma gidajen da ke da rijiya a tsakar gida. Habu ba ya komawa gidan mai gari, don a can babu wanda ke jiransa, doki ma an samo masa wani. Wurinmu yake zuwa, bayan layin dogo. Ka san ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasa don tada hanyar jirgi. Ruwan sama ya cika su, suka zama kududdufai, su ne rijiyar unguwarmu. A nan ake wanka, a nan jakai ke sha, a nan masu ciwon ƙafa ke tsoma ƙafarsu don su ji sanyi, a nan mata ke ɗiba. Ruwan rijiya akwai, amma na sayarwa ne, 'yan garuwa ke kawowa daga nesa. A gidana tulu ɗaya ake saye, na maigida da baƙinsa. Mata da yara na kududdufi suke sha. Haka na tarar ana yi a unguwar, haka na yi. Ƙafafuna kuwa lafiya lau suke, ka iya dubawa.

Kada ka ce ba ku koya musu tsabta ba, kun koya. Habu ya dawo hutun bara yana gaya wa uwarsa wai a dinga tafasa ruwa kafin a sha, haka aka karantar da su. Hajo ta tambaye shi ko Babban Malam ya haɗo shi da itacen. A Sabon Gari ice ma saye ake yi, kuma wanda take da shi na tuwon leburori ne. Sai yaro ya koma tace ruwa da hularsa, yaran unguwa suna bin sa suna dariya, suna ce masa Bature. Ni ma na yi masa ba'a. Bayan 'yan kwanaki ya daina.

Farkon daminar bana ƙurji ya fito masa a idon sawu, ya yi ruwa, ya fashe, farin zare ya leƙo. Kurkunu. Kuka ɗora shi a kan jaki kuka aiko mana da shi ya yi jinya a gida. Na ji cewa a watan nan ɗan wani babba ya yi zazzaɓi, kuka kai shi wurin likita, kai da kanka ka raka. Na yi murna da ya warke. Mu likitanmu tsinke ne. Kullum Hajo ta zauna ta naɗe zaren nan a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, in ya tsaya ta tsaya. Wata rana tukunya tana kan wuta, leburori suna kira, ta ja da sauri, ya tsinke a ciki. Ƙafa ta kumbura ta yi kamar tulu. Wanzami ya zo ya yi sakiya, ni na riƙe kafaɗun yaron, ban kuwa so in rubuta abin da na ji ba. Kafin wannan ya lafa wani ya fito a gwiwa. Ya kwanta tun ana shuka, bai taka ƙasa ba sai da aka fara yankan gero. Gwiwar har yau ba ta miƙewa duka. Hajo kuwa ta ɗauka hannunta ne ya gurgunta ɗanta, ba ta yarda a ce mata ruwa ne.

Na huɗu, abin da ya faru yana kwance.

A cikin daminar nan aka aika wani saurayi awon gonaki a garin mai gari, don yanka haraji. Daga irin makarantarku ya fito, ko gemu bai tsiro ba. Waɗanda suka gani sun ba ni labari. Mai gari ya sauko daga doki ya gaishe shi. Ya sa aka yanka masa kaza. Ya bi shi a baya daga gona zuwa gona yana kallon ƙafarsa, don kowane taki na yaron nan haraji ne, in ya matse taki gona ta yi girma, in ya buɗe ta ƙanƙance. Da yamma ya tambayi ɗan wane ne, aka ce masa uban yaron mai gyaran sirdi ne a gidan wani hakimi. An ce mai gari bai ci tuwo ba ran nan.

Kafin kasuwa ta zagayo, ga Sambo na gaskiya a ƙofarka, bisa doki, da akwati, da saƙon cewa ɗan mai gari ya ji sauƙi ya dawo. Na ji an ce wani rago mai ƙiba ya riga shi isowa gidanka. Ban gani ba, don haka ba zan rubuta ba. Abin da na sani shi ne, yaro ya tafi jinya da tsage a fuska, ya dawo kumatu sumul, ya ƙaru da kamu guda a tsawo, ya kuma manta duk abin da aka koya masa a shekara huɗu. Na karanta littattafan magani gwargwadon hali, ban taɓa cin karo da kurkunu mai wannan aikin ba. Kai kuwa ka karɓa, ka ce sannu da jiki.

Ba ni da magana da shi Sambon. An ce yaron kirki ne. Yana zaune cikin ƙanana, ya fi mai koya musu tsawo, yana fama da baƙaƙen farko, in sun yi masa dariya ya zagaya bayan ɗaki ya share ido. Shi ma an cuce shi, sai dai tasa cutar da nama a cikin miya ake yin ta.

Na biyar, amsar da ka bayar.

Da Habu ya iya dogara sanda, sai ya wanke rigarsa ya tako tun daga Sabon Gari har ƙofarka. Bai yarda in raka shi ba. Bai gan ka ba, masinja ya fito masa da magana biyu. Ta farko, wai gurbin na gidan mai gari ne, ba na yaro ba, kuma mai gurbi ya zo. Ta biyu, wai ko da nasa ne, wanda ya yi fashi irin wannan doka ta sallame shi. Allah ya gafarta Malam, a zaɓi ɗaya. In Habu ne Sambo, to ga Sambo ya dawo. In ba shi ba ne, wane ne ya yi fashin? Game da doka kuwa, na san wani ɗan gidan sarauta a wurinka da ya bi ubansa rangadi rani guda cur, ya dawo aka tarye shi da fura. Ban ce a kore shi ba. Ina so ne in san ko dokar tana da ido, don na ga tana gane riga.

Bayan kwana biyu masinjan ya zo gidana da abin da ya kira sauƙi. Wai mai gari, saboda tausayi, ya yarda Habu ya koma makaranta a matsayin yaron Sambo. Ya yi masa wanki, ya ɗebo ruwa, ya ɗauki buta, in an tashi daga aji ya zauna ya koya masa darasin da ya gagare shi. Za a ba shi abinci da wurin kwana a bakin ƙofa. Wato wanda ya yi karatun ya koya wa wanda ya karɓi gurbin, sa'an nan ya wanke masa wando. Na sallami masinjanka da kalmomin da malami bai kamata ya sani ba. Ina neman afuwarsa, shi aike aka yi.

A ranar ne yaron ya yi mini tambayar da ta sa na kasa kallon fuskarsa. Muna zaune a zaure, ya miƙe ƙafar a kan buzuna, ya ce, “Kawu, karatun da ke kaina, nawa ne ko aro ne? In aro ne, yaya ake mayarwa?”

Ba ba'a yake yi ba, fatawa yake nema. Na ce masa sai na duba. Na kuwa duba. Na buɗe babin aro, da na ajiya, da na wakilci, da na ƙodago, babukan da ni da kai muka yi haddarsu muna gyangyaɗi a gaban malaminmu. Magabatan da suka rubuta su, Allah ya ji ƙansu, sun yi tunanin raƙumin da aka ara ya mutu a hanya. Sun yi tunanin rigar da aka ba da ajiya asu ya ci. Ba su yi tunanin za a zo zamanin da za a ari ɗan mutum a sa shi gaba ya taka wurin da ake tsoro, in an ga ƙasa ba ta rufta ba a ce ya matsa. Har yau ban ba shi amsa ba. Kai ka fi ni karatu, ko da yake a nahawu ba haka malaminmu ya ce ba. In kana da ita, ka aiko.

Sunan ma ya zama abin wahala. Shekara huɗu yana amsa Sambo, har kunnensa ya saba. Yanzu in uwarsa ta kira Habu sai ta kira sau biyu. A tasha wani ya ƙwala wa ɗan'uwansa Sambo kira, na ga yaron ya juya, sa'an nan ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kayan wani.

Na shida, inda yake yanzu.

Kakar auduga ta kama, ana neman masu dako a tasha, kuma gidana ba gidan da saurayi zai zauna ya ci ba ne. Yana ɗaukar kaya daga ma'auni zuwa tarago, da gwiwar nan. Miki ya sake buɗewa, yana ɗaure shi da tsumma. Daga tabarmar da nake rubutu ina hangensa. In zai wuce ta gabana sai in duƙa in yi kamar ina fiƙe alƙalami. Shugaban 'yan dako yana sonsa, don shi kaɗai ke iya karanta abin da aka rubuta a jikin tarago, ba ya kai kayan Ikko cikin na Kano. Amma ladan da na kowa ɗaya ne, ƙasa ma, don yana ɗingishi.

A bakin tashar nan nakan ga 'ya'yan akawu, mutanen bakin teku, suna wucewa da safe zuwa makarantar mishan, da takalmi a ƙafa da allon dutse a hammata. Iyayensu ba su yi shawara da kowa ba, sun san abin da takarda ke haifarwa tun a garinsu. Nakan ga 'ya'yan manyanmu in jirgi ya tsaya, ana riƙe musu kaya. Sauran, waɗanda suka fi yawa, su ne ke riƙe kayan. A cikinsu akwai masu ido mai kaifi, da za a zaunar da su wata shida da sun ba ka mamaki. Damina tana zuwa rabinsu za su kwanta da ƙafa a kumbure, su tashi, su koma kududdufin nan da ƙishirwa. Da can ina ganinsu ina cewa haka Allah ya tsara, na kuwa iya kawo hujja. Yanzu da nawa ya shiga cikinsu hujjar ba ta fitowa da daɗi kamar da.

Na san kai ma ba sakakke ba ne. Sama da kai akwai Bature, gefenka akwai masu dawakai, kuma mai gari yana da 'yan'uwa a inda magana ke da nauyi. Na san in ka ce wa Bature wannan ba wancan ba ne, zai tambaye ka tun yaushe ka sani. Ban rubuto don in tona ka ba. In tonawa ce, kaina na fara tonawa, ga shi a sama kowa ya ji. Dukanmu muka haɗu muka yi wannan wayon, mai gari da malami da dogari, muka yi dariya. Yanzu lokacin biya ya zo, sai na ga an miƙa bashin ga wanda ba a tambaye shi ba tun farko.

Ga abin da nake roƙo.

Ka mayar da yaron nan aji da sunansa na yanka, Abubakar ɗan Hajo, ko da a ƙarshen tabarma ne. Ban ce a tada Sambo ba, ɗakin ba zai fashe don mutum ɗaya ba. Hatsinsa ni zan kawo, ko da zan sayar da littattafai.

In wannan ya fi ƙarfinka, ka bar shi ya shiga gwajin bayan Sallah. In ya faɗi, ya faɗi da hannunsa, ba zan sake damunka ba. Na san za ka ce mai ɗingishi ba ya awon gona, takinsa ba daidai ba ne. To akwai aikin zaune, kuma mai awo ma yana bukatar mai rubutawa.

Yaran da ka san gidajensu babu rijiya, ka bar su su yi hutu a makaranta, kusa da rijiyarku. Ka san su, kumatunsu da diddigensu suna nan. Kuma waɗanda aka kawo maka a madadin wasu, ka yi shawara tun yanzu yadda za ka yi da su, don ba mai garinmu kaɗai ne ya ga malamin awo bana ba. Dawakai suna nan tafe ƙofarka, kowanne ɗauke da ɗan da ya warke.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya sa albashinka ya zama mai albarka, ya tsare ka daga sharrin na sama da kai da kukan na ƙasa da kai. Allah ya shirya 'ya'yanka, ya raba ƙafafunsu da abin da na gani. Allah ya ji ƙan malaminmu, wanda ya zaunar da ni da kai a buzu ɗaya bai tambayi sana'ar iyayenmu ba.

Saura magana ɗaya, na bar ta ƙarshe don ta fi mini nauyi. Ran da masinjanka ya kawo zancen zama yaron Sambo, Habu ya ce zai je. Ya ce hannu ne zai yi wankin, kunnensa yana nan, daga bakin taga ma ana jin darasi, kuma a can akwai rijiya. Ni na hana. Na ce jinina ba zai ɗauki butar kowa ba, Babban Malam abokina ne, kalma ɗaya zan yi masa. Ya bi maganata, don kun koya masa ladabi. In duk abin da na roƙa bai yiwu ba, kuma ba a riga an ba wani wannan aikin ba, a ba shi. Shi ya yi daidai, ni na yi kuskure.

Wassalam.

Isiyaku, bakin tasha, Sabon Gari.